Ruwan Jibiya a Maraɗi Yake Kwana

A bayan gidana, tsakanin rumbu da turken awaki, akwai wani ƙarfe a kafe, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, a kansa kuma gwangwani mai bakin mazurari. Ma'aunin ruwan sama ne. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan, duk safiyar da aka kwana da ruwa, kafin in karya kumallo sai na je na tsiyaye abin da ya taru a kwalbar awo, na ɗaga ta daidai idona, na rubuta a littafi. Yaran unguwa sun daɗe da yi mini laƙabi da Malam Milimita. Na yi ritaya daga aikin malamin gona, amma hannuna ya ƙi barin kwalbar nan.

Wanda bai saba ba zai ce milimita ɗaya ai ba komai ba ce, da kaɗan ta fi kaurin farce. To amma milimita ɗaya a kwalba na nufin lita ɗaya ta sauka a kan kowane murabba'in mita na ƙasa. In aka yi ruwan milimita 20, gona mai hekta ɗaya ta sha lita 200,000. Shi ya sa masana ba sa cewa damina ta kama don kawai hadari ya taso an ji ƙamshin ƙasa. Sai an samu kamar milimita 20 cikin kwana uku, kuma ba a bi ta da dogon tsaiko ba a watan da ke biye. Manomi kuwa ba ya jiran wata guda ya tabbatar. Ya tona da yatsa, in danshi ya wuce gaɓa biyu ya ɗauki sungumi. In ruwan ya ɗauke, iri ya ƙone a rami, a sake shuka, wani lokacin har sau uku.

Abin da ya tayar mini da wannan rubutu shi ne ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'a. Ya zo hutu ya same ni a zaure da tambaya: “Kawu, an ba mu aiki kan yadda ƙungiyoyin yanki ke taimaka wa ƙasashe su rubuta kundin shirin jure wa sauyin yanayi. An ce ka taɓa zuwa irin taron nan. Da gaske yana da amfani, ko cin kuɗi ne kawai?” Na ce masa ya zauna, amsar ba ta tsayuwa ba ce. Abin da na gaya masa ne nake son in rubuta a nan, har da wanda na manta ban gaya masa ba.

Na fara masa da daren da ruwa ya ci Jibiya, a tsakiyar watan Yulin 2018. Garinmu ba shi da nisa da can. A daren nan gwangwanin ma'aunina ya cika ya tumbatsa, ban ma samu abin rubutawa na gaskiya ba, sai na sa alamar tambaya a littafi. Mutum fiye da 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe, dabbobi ba a maganarsu. Gari na wayewa wayata ta yi ƙara, lambar Nijar ce. Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, da ke zaune a wani ƙauye ta wajen Madarunfa. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, “Ɗana, mi ya faru wajenku? Ga gulbi na kawo muna ƙyamaren ɗakuna da tumaki.” Daga baya aka ji cewa wasu daga cikin gawarwakin ma a ƙasar Nijar aka tsamo su.

Wanda bai san yankin ba sai ya duba taswira. Kogin Gada yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya inda aka yi masa madatsa, ya tsallaka iyaka. Da ya shiga Nijar sai sunansa ya koma Gulbin Maraɗi. Ya ratsa ta Madarunfa, ya gifta gefen Maraɗi da Tibiri, ya yi kwana ta Gidan Rumji, sannan ya sake dawowa Najeriya ta jihar Sakkwato ya zuba a kogin Rima. Sau biyu yake tsallake iyaka, kuma ba ɗan kwastan ko ɗan duwan da ya taɓa tsayar da shi. Tsohon garin Maraɗi ma a bakin gulbin nan yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka tayar da shi aka hau tudu. Saboda haka in wani a Abuja ya zauna ya rubuta shirin kare Jibiya shi kaɗai, wani a Yamai ya rubuta na Madarunfa shi kaɗai, kowannensu ya ɗinka rabin riga ne.

Shi kundin da ake magana a kai ba sabon abu ba ne. A taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Kankun ta ƙasar Meziko a 2010 aka amince cewa ƙasashe masu tasowa su zauna su tsara yadda za su rayu da yanayin da ya riga ya sauya, ba na shekara ɗaya ko biyu ba, na dogon zango. A Durban a 2011 aka fitar da ƙa'idojin farko, a 2012 kuma ƙwararrun da ke tallafa wa ƙasashe mafiya talauci suka fitar da littafin jagora. Kafin wannan akwai wani ƙaramin shiri na gaggawa da aka ɓullo da shi a 2001, wanda Nijar ta kammala nata a 2006. Mu 'yan Najeriya muna kiran sabon kundin NAP, 'yan Nijar suna kiransa PNA. Haruffa uku ne iri ɗaya, Ingilishi ya jera su ta nan, Faransanci ya jera su ta can. Burkina Faso ce ta riga kowa miƙa nata a 2015, Kamaru ta biyo baya a shekarar, Sudan a 2016, Chadi da Nijar a 2022. Najeriya ta fitar da tsarin share fage a 2020, sannan ta yi dokar sauyin yanayi a 2021.

Rubuta irin wannan kundi ba wasa ba ne. Sai ka san yadda ruwa ya riƙa sauka shekara talatin baya, ka yi hasashen talatin gaba, ka gano wane yanki ne zai fi jin jiki, manomi ne ko makiyayi ko masunci, sannan ka lissafa kuɗin kowane mataki ka cusa shi a kasafin ƙasa. Yawancin ƙasashenmu ba su da isassun masana da na'urorin da za su yi wannan su kaɗai. Nan ne taimako ke shigowa. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya biyu, UNDP ta raya ƙasashe da UNEP ta muhalli, sun kafa wani shiri na haɗin gwiwa a 2013 don horar da jami'an ƙasashe, kuma sau da yawa yanki-yanki suke tara su. Asusun GCF na tallafin sauyin yanayi kuma tun 2016 ya ware har dala miliyan 3 ga kowace ƙasa don aikin tsara kundin. A nan Afirka ta Yamma muna da namu. Bayan farin da ya halaka dabbobi da mutane a farkon shekarun 1970, ƙasashen Sahel suka kafa CILSS a Wagadugu a 1973 don yaƙi da fari, a 1974 kuma aka buɗe cibiyarta ta AGRHYMET a Yamai, mai nazarin noma da ruwa da yanayi. A Yamai ɗin dai akwai ACMAD, cibiyar nazarin yanayi ta nahiyar baki ɗaya, da hedikwatar hukumar kogin Kwara mai ƙasashe 9. Akwai hukumar tafkin Chadi a Njamena tun 1964. Akwai WASCAL da Jamus ke ɗaukar nauyi, mai horar da ɗalibai a jami'o'in yankin. ECOWAS ma ta amince da dabarun yanayi na yanki a 2022.

Na ga idon yaron ya fara lumshewa da jerin sunayen nan, sai na ba shi labarin taron da na je.

Shekarun baya ne, ina kan aiki. Maigidana na ofis ya kamu da rashin lafiya, aka rasa wanda zai je wani taron horarwa na yanki a Yamai, aka ce Malam Milimita ya je tunda shi ne mai son lissafin ruwa. Na shiga mota daga Jibiya zuwa Maraɗi, na kwana gidan dangi, da asuba na kama doguwar bas ta bi ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, muka isa da la'asar sakaliya. Aka sauke mu a wani otal mai sanyin da sai da na nemi bargo a watan Afrilu. Da safe aka shigar da mu zaure, kowa da tutar ƙasarsa a gabansa, aka raba mana abin sawa a kunne. Mai jawabi ya yi Faransanci, wata baiwar Allah a cikin akwatin gilashi ta juya mana da Ingilishi. In namu ya tashi, a juya wa su. Rabin safiya ta tafi a kan gardamar ko kalma kaza ta Faransanci daidai take da kalma kaza ta Ingilishi.

Da aka fita shan shayi na tsaya kusa da wani dogon mutum mai rawani a kafaɗa, ɗan tawagar Nijar. Yana ta fama da ni da guntun Ingilishinsa, ina fama da shi da “bonjur” ɗina, sai wayarsa ta yi ƙara ya ɗauka ya ce, “Lahiya lau, ina cikin taro, in na hito ni kira ki.” Na ce, “Haba malam! Ashe wahalar da juna muke yi?” Muka kwashe da dariya har aka waiwayo. Mutumin Damagaram ne, shi ma malamin gona, shi ma mai ma'auni a bayan gida. Cikin minti goma, da kofin shayi a hannu, muka gama abin da zauren ya kasa gamawa tun safe. Ya gaya mini wane irin gero ne mai saurin nuna ke yi musu kyau, na gaya masa yadda zuwan ruwanmu ya koma ba tabbas, marka ta koma zubowa a dunƙule, kwana biyu a yi ruwan wata guda sannan a ɗauke. Ya ce nasu ma haka.

A nan ne muka tsaya kan kalmar da ake ta maimaitawa a zaure. Yaya za mu faɗe ta da Hausa in mun koma gida? Na ce a rediyo “jurewa” ake cewa. Ya girgiza kai. Ya ce jurewa ta jaki ce, a yi ta lafta masa kaya yana haƙuri. Na ce to “daidaitawa”. Ya ce wannan kuma kamar sulhun miji da mata. Muka yi ta juyawa. Daga ƙarshe ya ce shi in ya je ƙauye abin da yake cewa shi ne “sake dabara”, domin manomi ya san in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Har yau ban samu wadda ta fi wannan ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutane miliyoyi a gefe biyu na iyakar nan da harshe ɗaya suke noma, da shi suke cinikin hatsi, da shi suke roƙon ruwa, amma takardun da aka rubuta dominsu sai sun bi ta harsuna biyu na Turawa kafin su gaisa da juna.

Rana ta biyu aka raba mana fom na gwaji, kowace tawaga ta cike irin haɗarin da ke fuskantar ƙasarta. Fom ɗaya ne aka buga wa kowa. A layi na uku an rubuta hauhawar ruwan teku da zaizayar gaɓa. Abokina ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce a taimaka masa, shi daga Damagaram yake, teku mafi kusa da shi sai ya ratsa Najeriya tun daga Daura har Legas, me zai rubuta? Aka yi dariya, mai horarwa ya ce ya tsallake layin. Amma babu layin guguwar rairayi da ke binne shuka, babu na tsutsar da ke cin zangarniyar gero, babu na rijiyar da makiyaya da manoma ke faɗa a kanta. A bayan takardar muka rubuta su.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Wani ƙwararre da aka ɗauko haya ya ji ina da littattafan awon ruwa na shekaru, ya rungume ni kamar ya ga ɗan'uwansa. Ya ce irin wannan ne zinariyar da suke nema, domin tashoshin awo a yankinmu sun yi ƙaranci, tauraron ɗan'adam kuma sai an gwada abin da ya gani da abin da aka auna a ƙasa. Gaskiya ya faɗa. Da na koma gida na kwashe mako biyu ina kwafe lambobi a kwamfutar wani yaro mai shagon buga takardu, da kuɗina, na aika masa. Ya amsa da kalma biyu ta godiya. Daga ranar ban sake jin ɗuriyarsa ba. Ban ga rahoton ba, ban san ko lambobina sun shiga wani lissafi ba, balle a dawo a ce mana ga abin da aka gano game da ruwan garinku. Bayani yana hawa sama kamar hayaƙi, ba ya saukowa. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ya kamata a fara gaya wa in an gano dalilin yoyon.

Yaron ya ce, “Ka gani ba, Kawu? Cin kuɗi ne.” Na ce a'a, kada ka yi saurin yanke hukunci, ban gama ba.

Duk shekara, wajen watan Afrilu, masana yanayi da na ruwa daga ƙasashen yankin suna haɗuwa ƙarƙashin AGRHYMET da ACMAD su fitar da hasashen damina, taron da ake kira PRESASS. Suna faɗin inda ake sa ran ruwa zai yi yawa ko ya yi ƙaranci, ko zai zo da wuri, ko za a samu dogon tsaiko, da yadda koguna za su cika. Babu ƙasar da za ta iya wannan ita kaɗai yadda ya kamata, domin hadarin da ke sauka a kanmu daga gabas yake tasowa, ya ratso Chadi ya nufi yamma, danshinsa kuma daga tekun Atlantika iska ke kawo shi. Haka kuma akwai tsarin bai ɗaya na auna matsalar abinci da CILSS ke jagoranta, wanda har Najeriya na amfani da shi duk da ba mamba ba ce a ƙungiyar, ta yadda in an ce wani yanki ya shiga mataki na uku, ma'anar ɗaya ce a Katsina da Tawa. Jami'ai da yawa da ke riƙe da ofisoshin yanayi a ƙasashen Sahel a Yamai suka yi karatu. Wannan aiki ne na gaske, ba shi da ƙyalli, ba a yanka masa kintinkiri, kuma duk kundin ƙasa da ya yi ma'ana a kansa ya tsaya.

Matsalar tana tsakanin hasashen da kwalbatin unguwa. A 2024 masanan sun faɗa tun kafin damina cewa ruwa zai yi yawa a Sahel, koguna za su cika. Haka kuwa aka yi. A ƙarshen Agusta ruwa ya yi ɓarna a Maraɗi. A farkon Satumba tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa wanda ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ya rushe mutane na kallo suna salati. Ranar 10 ga Satumba madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. A Nijar kaɗai mutum fiye da 300 suka rasu a daminar. Wata huɗu ke tsakanin gargaɗin da bala'in. Wata huɗu sun isa a yashe magudanai, a duba bangon madatsu, a gaya wa na bakin gulbi inda za su gudu. Amma hasashe ba ya yashe kwata, sai an samu wanda aka ɗora wa alhakin, da kuɗin da aka ware masa tun rani. Aikin da kundin ya kamata ya yi ke nan: ya ce in an ga kaza, wane ne zai yi kaza, da kuɗin ina. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar kuɗi kuwa gajeriya ce. Dala miliyan 3 na rubuta takarda ne, ba na gina komai ba. Rahoton UNEP na 2023 ya ƙiyasta cewa ƙasashe masu tasowa na bukatar dala biliyan 215 zuwa 387 kowace shekara don wannan sake dabara, abin da ke zuwa daga waje kuwa bai kai biliyan 30 ba. An koya mana ɗinka jaka mai kyau, sai dai babu abin zubawa.

Ni a wurina, taimakon yanki mafi albarka da na sani ba a otal aka yi shi ba. A ƙarshen shekarun 1980 wani furoje, kamar yadda 'yan Nijar ke cewa, ya ɗauki wasu manoma 'yan ƙalilan daga yankin Illela ta jihar Tawa ya kai su Yatenga a Burkina Faso. Can suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a faƙo, ƙasar da ta ƙeƙashe ko ciyawa ba ta fitowa, a zuba taki a ciki, gara ta shiga ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ramin maimakon ya gudu. Mossi, mutanen can, suna ce masa zai. Manoman suka dawo gida suka gwada, suka kira shi tassa. Maƙwabta suka ga gero ya fito a inda aka yafe, suka kwaikwaya. Har ta kai ana sayen faƙo da kuɗi, abin da a da ko kyauta ba mai karɓa. Kuɗin mota da na abinci aka kashe, gani ya kori ji.

Haka sassaben zamani a Maraɗi da Damagaram. Maimakon manomi ya sare duk tohon da ya fito a gona ya cinna wuta, sai ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture ya gyara su, ya bar su su girma. Tun shekarun 1980 abin ya fara yaɗuwa, musamman da manoma suka samu tabbacin cewa itacen da suka rena nasu ne, ba na gandun daji ba. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Na gani da idona a gonar Kawuna na wajen Madarunfa. Gawo ne jere, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da rani kuma ya yi inuwa ya zubo wa dabbobi 'ya'ya. Ga kalgo, ga sabara, ga aduwa. Ya kama hannuna ya kai ni gindin wani gawo ya ce, “Duba zangarniyar nan, ka duba waccan ta fili. Ni ban yi lakkwal ba, amma wannan na iya karanta shi.” Na dawo na yi ta wa'azin abin a ƙauyukanmu. Waɗanda suka karɓa da sauri su ne masu dangi ko suruki a tsallake, waɗanda suka riga suka gani a hanyar biki ko ta kasuwa. Da ni ne mai rabon kuɗin tallafin nan, kafin in kama ɗaki ɗaya a otal sai na cika bas biyu da manoma, maza da mata, na tsallaka da su.

Sai dai tsallakawar ma ta zama abin da ta zama. Tsofaffin Maraɗi suna kiran yunwar 1984 da sunan El-Buhari, domin fari ya haɗu da rufe iyakar da gwamnatin sojan Najeriya ta yi a lokacin, hatsi ya kasa shiga. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka sake rufe iyakar, aka yanke wutar lantarki, tireloli suka yi layi a Magama, bakin iyaka ta wajen Jibiya, kaya na ruɓewa, sai a 2024 aka buɗe. Ranar 29 ga Janairun 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ba zan shiga wa ya yi daidai wa ya yi kuskure ba, ni malamin gona ne. Abin da na sani shi ne dabarun yanayi na yanki da aka amince da su a 2022 yanzu babu manyan ƙasashen Sahel uku a teburinsu, su da suka fi kowa shan zafi. Abin da ya rage na zumunci shi ne irin su CILSS da hukumomin koguna, inda har yanzu ake zama tare. Akwai ma yarjejeniyar da Najeriya da Nijar suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan kogunan da suka haɗa su, kuma Gada da Gulbin Maraɗi na ciki da sunansu. Mutum nawa ne a bakin gulbin suka taɓa jin labarinta?

Ga kuma 'yan bindiga. Abokan aikina biyu da ke da ma'auni a ƙauyukan cikin daji sun baro gidajensu sun dawo gari. Wa zai je karanta kwalba da safe a inda noma kansa ya gagara? Duk wanda zai zana taswirar ruwan yankinmu nan gaba zai tarar da rami a shekarun nan, kuma ba don ruwa bai sauka ba.

Yaron ya tambaye ni, to me zai rubuta, yana da amfani ko ba shi da shi? Na ce ya rubuta cewa rabin sama na aikin yana tafiya: masana suna haɗuwa, hasashe yana fitowa, kundaye suna isa ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Bon ta Jamus. Rabin ƙasa ne babu mai shi. In yana son ya auna kowane shirin tallafi, ya tambayi ko an biya mai karanta ma'auni, ko abin da aka gano ya dawo gidan rediyo da harshen da manomi ke ji, ko na sama da gulbi yana da lambar wayar na ƙasa da shi. Ya rubuta a wayarsa, ya ce malaminsu ba zai karɓi wannan ba sai da madogara daga littafi. Na ce ya je ya nemo, ni nawa littafin ga shi can a kan taga.

Tun bayan 2018 ni da ɗan Kawu, wanda ya gaji gonar bayan rasuwar tsohon, Allah ya jiƙansa, muka yi wata 'yar yarjejeniya tamu. Na ɗaura jan zare a jikin kwalbar awo. Duk daren da aka yi ruwa mai ƙarfi nakan fita da tocila, in ya wuce zaren sai in aika masa saƙon murya ta WhatsApp, shi kuma ya gaya wa mai unguwa da ladan, a kwance dabbobin da ke ɗaure a fadama, a janye injinan ban ruwa. Sau da yawa ba abin da ke faruwa, sai ya turo mini da safe yana tsokana: “Yaya, ruwanka ya ɓace a hanya.” Sau ɗaya dai injinansu sun tsira.

A farkon daminar bana wata akuya ta tsinke igiya ta ture ƙarfen, kwalbar ta fashe. Na neme ta a Katsina ban samu irinta ba, kwana tara ina awo da kofin roba da rula. Da na gaya wa ɗan Kawu sai ya ce in bar masa. Ran kasuwar Jibiya wani direba ya kawo mini ƙunshi a cikin ledar burodi, an naɗe da tsohon zani. Sabuwar kwalba ce daga Maraɗi, rubutun jikinta na Faransanci, da 'yar takarda da ya rubuta da ajami cewa kuɗinta jaka biyu ne kuma kada in kuskura in biya. Na wanke ta, na nemo jan zare a kwandon ɗinkin maiɗakina, na ɗaura a daidai inda na tsohuwar yake.